Wankin Magana

Auta ta iso gidan yayanta da hantsi, da 'yarta goye a baya, leɓenta na ƙasa ya kumbura ya yi suntum. Matar yayan, wadda take kira Anti, ita ta buɗe ƙofa. Ta dubi leɓen, ta leƙa titi ko akwai mai kallo, sannan ta ja ta ciki da sauri.

Yaya yana kan tebur yana shan shayi, ga takardun ɗalibai tuli guda a gefensa. Malami ne a jami'a. Kowa Dakta yake ce masa, ko da yake ba ya allura ba ya ba da magani. Abin da yake koyarwa shi ne zaman lafiya da sasanta rikici, wato yadda fitina take tashi tsakanin mutane da yadda ake kashe ta. Har gidan rediyo ake kiransa idan wasu suka ɗauki makami a kan wasu. Tun da iyayensu suka rasu shi ne uwa shi ne uba a wurin Auta, shi ya sa ba ta tsaya ko'ina ba sai gidansa.

"Yaya, ya dake ni."

Ya ajiye kofin a hankali. Bai tashi a fusace ba, shi dama ba a taɓa ganin fushinsa ba. Ya ce ta zauna, a ba ta ruwa, a ba yarinya abinci. Ya ce yanzu yana da aji, amma da yamma zai kira mijin a zauna. Auta ta ji sanyi a ranta. Ta ce yau mutumin nan zai san tana da gata.

Da yamma mijin ya zo a kan babur ɗinsa, ya sa farar riga, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Yaya. Gyaran firiji da fanka yake yi, shi ya sa ake ce masa Injiniya. Yaya ya janye teburin tsakiyar falo, ya jera kujeru uku. Biyu ba su kalli juna ba, kowacce ta ɗan karkata ta fuskanci tasa.

"Ga yadda muke yi," in ji shi. "Ba mai yi wa wani magana kai tsaye. Magana kamar tufa ce, idan ta fito daga bakin mai fushi da dattinta take fitowa. Ni a nan mai wanki ne. Kowa ya miƙo mini tasa in wanke, sannan in miƙa wa ɗan'uwansa. Auta, fara."

"Ya mare ni na faɗi, ya bi ni da ƙafa."

Yaya ya gyaɗa kai, ya juya wajen Injiniya. "Tana cewa kun samu saɓani, kuma abin ya taɓa mata rai."

"Ba rai ba, Yaya, baki ne. Ga shi kana gani."

"A'a Auta, ba a katse mai wanki yana tsakar aiki."

Injiniya ya yi 'yar dariya, Yaya ma ya murmusa. Da aka zo kan Injiniya, sai ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, tun safe nake fama da firijin wani mai shago. Na dawo a gajiye, na tarar da yarinyar nan ta sa abin gwada wutana a baki. Na yi magana, wai ai ni na yar da shi a ƙasa. Matar nan ba ta da ladabi, bakinta kamar reza."

Yaya ya juyo wajen ƙanwarsa. "Yana cewa tsoro ne ya kama shi saboda 'yarku, kuma yana so a riƙa tausaya wa gajiyarsa."

Auta tela ce, ta san halin yadi. Ta ga tata maganar ta shiga wanki ta fito a motse, kamar rigar da aka tsoma a ruwan zafi. Tasa kuwa ta fito fes, har da guga.

"Yanzu saura abu ɗaya," in ji Yaya. "Ruwa ba ya tsami banza. Duk rikicin duniya, kowa yana da kasonsa a ciki. Injiniya ya yi gaggawa, wannan nasa ne. Ke mene ne naki kason?"

Ya harɗe hannu yana jira, don ya iya jira. Fanka tana ta juyawa a sama. Yarinya ta fara ƙananan kuka a wajen Anti. Da ta ga ba za a tashi ba sai ta ba da wani abu, ta ce, "Na mayar masa da magana."

"Madalla!" Fuskar Yaya ta washe. "Wallahi ɗalibaina sai su shekara ba su iya abin da kika yi yanzu ba."

Aka kawo lemo aka sha. Kafin rana ta faɗi tana bayan babur, yarinya a tsakiyarsu, suna komawa.

Ɗaki ciki da falo suke haya a wani gida mai mutane da yawa. Tsakar gidan cike yake da matattun firiji na mutane, wasu ba ƙofa, wasu kaji sun mayar da su akurki. Kekenta na ɗinki yana bakin taga. Bango ɗaya ne ya raba su da wata dattijuwa mai sayar da gawayi, wadda duk gidan suke kira Iya.

Kwanaki aka yi lafiya. Injiniya ba ya da hira sai ta Yaya. Yana gaya wa abokansa a bakin shago cewa ilimi daban ne, shi ya je yana tsammanin zagi, sai ga shi an ba shi lemo. Ashe kuma ya fi ɗaliban jami'ar saurin ɗaukar karatu.

Wata rana da azahar ya dawo neman doguwar wayar wutarsa, ya tarar Auta ta ara wa maƙwabta. Bai yi ihu ba kamar yadda ya saba. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan talabijin, ya tura ƙofa ya sa sakata.

"Zo mu ɗan samu saɓani," in ji shi.

Da ya gama, ya zauna a bakin gado yana mayar da numfashi, ita tana rakuɓe a jikin bango. Ya ce, "Ni na yi gaggawa, wannan nawa ne. To ke faɗi kasonki."

Ta ƙi. Ya miƙe tsaye. Ta ce, "Na ba da waya ban tambaye ka ba."

"Madalla," in ji shi, da irin muryar Yaya sak.

Daga ranar abin ya zama haka. Da can idan ya dake ta yakan fita ya daɗe bai dawo ba, ya shigo yana sunkuyar da kai, wani lokacin har da tsarabar ayaba. Yanzu kunyar ma ta tafi. Abin ya samu suna mai tsabta, ya samu tsari, yana da farko yana da ƙarshe. Ita da kanta take rufe shi da bakinta.

A irin wannan ne wani mari ya sauka a kunnenta na hagu. Kunnen ya kama ƙugi kamar tsohon firiji, dare da rana. Da ƙugin ya tsaya sai komai ya tsaya tare da shi. Idan ana mata magana sai ta karkato da kai. Wata mata ta ce a rage mata hannun riga, ita ta ji a ƙara. Wata ta yi ta sallama a bakin ƙofa, Auta tana kan keke ba ta ji ba, matar ta tafi tana cewa tela ta fara girman kai. Ɗinki ya ja baya.

Ta je wurin kawunsu, ƙanin mahaifiyarsu, mai facin taya a bakin titi. Ya saurare ta hannunsa cikin bahon ruwa yana neman inda tayar take huci. Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da kafaɗa.

"'Yar nan, da uwarki tana raye da ba a yi haka ba. Amma ni da ko firamare ban gama ba, in sa baki a inda Dakta ya sa? Mutumin da ake ɗauka a jirgi ya je ya raba faɗan manya? Koma wurinsa. Abin da ya gani a zaune, ni ko na hau tsani ba zan hango ba."

Iya mai gawayi ma haka. Ta tare ta a bakin famfo ta ce ƙasa-ƙasa, "Ina ji fa ta bango. Rannan har na ɗauki mayafi zan kira mai gidan hayar nan, sai na tuna yayanki yana kan maganar. Wa zai koya wa kifi iyo?"

Haka sunan Yaya ya bi ya rufe mata kowace ƙofa. Duk inda ta ƙwanƙwasa, sai a nuna mata gidansa.

Ta koma. Aka sake janye tebur, aka sake jera kujeru uku. Wannan karon ta roƙa a sauya mata kujera don kunnen da yake ji ya fuskanci Yaya. A hanya ta yi ta shirya maganarta. Ta ce a ranta wataƙila wancan karon ba ta iya faɗa ba ne, yau za ta faɗa gajeriya, wadda ba ta da inda za a wanke.

"Kunnena ya mutu. Ina jin tsoronsa. Ina so in zauna a nan gidan."

Yaya ya ɗan rufe ido kamar mai lissafi, sannan ya juya. "Tana cewa akwai matsalar saurare a tsakaninku. Tana da damuwa, kuma tana so a riƙa ba ta sarari."

"Sarari ai akwai, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Tun safe nake fita."

"Yaya, ba haka na ce ba."

"Auta, na ji abin da kika ce. Amma ki gane, mai sulhu ba ya ɗaukar ɓangare. Ranar da na ajiye ki a gidan nan, na zama ɓangare ke nan. Injiniya ba zai sake yarda da ni ba, kuma duk abin da muka gina ya rushe."

"Ni ba mai sulhu na zo nema ba. Yayana na zo nema."

Yaya ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Yayan naki ne ya ga ya fi miki amfani a haka," in ji shi. "Zaman lafiya tafiya ce, ba a isa rana ɗaya. Ana tuntuɓe a hanya, mun san da wannan, yana cikin littafi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Aka ɗora wa Injiniya sharaɗi, idan ransa ya ɓaci ya fita ya zaga gida kafin ya yi magana. Aka ɗora wa Auta nata, idan ya dawo kada ta ce komai sai ya sha ruwa ya huta. Injiniya ya ce wallahi ya ji ya ɗauka, har ya tambaya ko akwai littafin da zai saya ya ƙaru. Yaya ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Anti ta ja ta kicin ta cusa mata man zafi a jaka. "Ba don ba ma so ba ne," in ji ta tana juya tukunya ba ta kalle ta ba. "Ɗakin baƙin kin gan shi, littattafai har rufi. Ga shi za a buɗe sabuwar cibiya a makarantarsu, ana sa ran yayanki za a ba. Ki ɗan ƙara haƙuri har abin ya wuce. Kuma Auta, ki riƙa kare fuskarki da hannu. Jiki ana rufe shi da zane, fuska ce take tona asiri."

Injiniya ya riƙe sharaɗinsa. Idan ransa ya ɓaci yakan fita ya zaga gidan, ya gaida Iya, ya tambaye ta kasuwa, sannan ya dawo ya sa sakata. Auta tana zaune tana jin takunsa da kunne ɗaya, yana nisa, yana dawowa. Zagayen nan ya fi mata dukan ciwo. Yarinyar ma ta gane. Da ta ga uban ya cire agogo sai ta rarrafa ta shige ƙarƙashin keken ɗinki, ta riƙe ƙarfen da ake takawa, ba ta ko kuka.

Auta ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta daina zama a tsakar gida da mata, don an gaji da tambayarta ita ma ta gaji da cewa ƙofa ce ta buge ta. Idan Yaya ya kira a waya ya ce ya gida, mijin yana gefe, sai ta ce lafiya lau. Sai ya ce, "Kin gani ko? Na gaya miki."

Ranar da abin ya kai maƙura, a kan ruwan wanka ne da ya huce. Bai mare ta ba. Ya kama wuyanta da hannu biyu ya haɗa ta da bango, ya matse. Ta ga ɗakin yana yin duhu daga gefe-gefe kamar ana rufe labule. Da ta farfaɗo tana ƙasa, yarinya tana jan ɗankwalinta, shi kuma ya tafi aiki. Ko kason bai tsaya karɓa ba.

Ta naɗe wuyan da mayafi, ta goya 'yarta, ta nufi gidan Yaya. Anti ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a ciki.

"Ba ya nan, yana makaranta. Kuma ya ce idan an samu wani abu ki kira a waya a sa rana, kada ki riƙa zuwa ke kaɗai. Wai idan yana ganin ɓangare ɗaya a ɓoye, ɗayan zai zarge shi."

"Anti, ruwa ma ba zan sha ba?"

Anti ta kawo mata ruwa a kofi, a nan bakin ƙofa.

Ba ta taɓa shiga jami'a ba. Mai gadi ya nuna mata hanya, wani ɗalibi ya nuna mata ginin, ta hau bene tana dafa bango. Ɗakin karatun babba ne, kujeru hawa-hawa, cike da samari da 'yanmata. Ta lallaɓa ta ƙofar baya ta zauna a layin ƙarshe, ta juyo da yarinya kan cinya. Can ƙasa ga Yaya a gaban allo, da abin magana a hannu. Ta karkato da kunnen dama.

Ya iya koyarwa, wannan ba a ƙwace masa ba. Ɗalibai suna dariya inda ya so su yi, suna rubutu inda ya so. Auta ta ji wani abu kamar alfahari ya taso mata, duk da wuyan da yake mata zugi.

"Bari in ba ku misali daga gida, ba daga fagen yaƙi ba," in ji shi. "Akwai wasu ma'aurata da na zauna da su, ba zan kama suna ba. Matar ta zo da zafi, ita a ganinta ita kaɗai aka zalunta. Kullum haka ɓangarori suke zuwa. Na wanke maganarsu, na tambayi kowa kasonsa. A zaman farko ta gano nata da bakinta. Yau suna nan a ɗakinsu, ko jiya na yi waya da su."

Wasu suka tafa. Wata ɗaliba mai tabarau a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, to idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi fa? Misali idan dukanta yake yi?"

"Tambaya mai kyau. Ku rubuta wannan, yana fitowa a jarrabawa. Inda ake duka, ba a fara da sulhu. Sulhu tsakanin mai ƙarfi da wanda yake tsoronsa ba sulhu ba ne, miƙa wuya ne. Abu na farko, a ɗauke mai rauni a kai shi inda zai tsira. Sai bayan nan a yi maganar zama." Ya jira suka rubuta. "Amma waɗannan da nake faɗa muku, saɓani ne kawai irin na yau da kullum."

Auta ta gyara zama. Ashe akwai dokar, kuma ya san ta. Kenan abin da ya rage, bai san duka ba ne na gaske. Laifin wankin ne, maganar ba ta taɓa isa wurinsa da jininta ba. Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi sama ba.

Ya gan ta. Daga can ƙasa idonsa ya hau layi-layi har ya tsaya a kanta. Wasu ɗalibai suka waiwayo suna kallon matar da ta zo aji da goyo. Yaya ya dubi agogonsa.

"Lokaci ya ƙure. Sauran tambayoyi sai mako mai zuwa."

A ofishinsa ya rufe ƙofa ya murza makulli. Bango duk hotunansa ne, yana tsakiya, mutane biyu suna musafaha a gabansa.

"Kin san abin da kika so ki yi mini yau?" Muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta ce a ranta yau ba za ta ba shi magana ba, balle ya wanke. Ta warware mayafin ta ɗaga haɓa. Shatin yatsu ne a jere, huɗu ta nan huɗu ta can, sun yi baƙi, ga na manyan yatsu biyu a maƙogwaro.

Ya kalla. Ta ga ya kalla. Sai ya mayar da ido kan tebur ya shiga gyara birukan da suke a gyare.

"Rufe, kada wani ya shigo."

"Yaya, na ji ka ce a fara kai mai rauni inda zai tsira."

"Wancan aji ne, Auta. Wannan gida ne."

"Ko a kicin zan kwana. Zan yi wa Anti wanke-wanke, zan yi wa yara ɗinki. Ba za ka ji motsina ba."

"Ki saurare ni. Mutane suna kawo mini rikicin gari guda in kashe. Idan aka ji na gidana ya gagare ni, aure ɗaya tak, na ƙanwata, wa zai sake kirana? Ba don kaina nake faɗa ba. Aikin nan rayuka yake ceta, ke ba ki sani ba." Ya sassauta murya. "Kuma idan kika fito yanzu, shi ke nan ya ci nasara, ke kin zama bazawara da goyo. Bari in yi masa magana da kakkausar murya. Wannan karon ba zan saurara masa ba."

Ya kira Injiniya a gabanta. Ya ce masa an samu koma-baya, kuma bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ji muryar mijin siririya daga cikin wayar yana ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Aka sa ranar zama, ƙarshen mako. Yaya ya kashe waya ya yi ajiyar zuciya kamar wanda ya sauke kaya.

"Ya yi nadama. Yana gida ma yanzu yana jiranki. Tashi in kai ki da kaina, ya san ba ki da ranar wulaƙanci."

A hanya ya tsaya ya saya wa yarinya biskit. Rana ta take, motar ba na'urar sanyi, duk gilasan a sauke, iska mai zafi tana shigowa. Yana tuƙi yana ba ta labarin wasu ƙauyuka biyu da suka shekara suna faɗa a kan rijiya, yau har auratayya suke yi. Yana gefen kunnenta na hagu, rabin labarin bai iso ta ba. Tana kallon titi. Ta ga tashar mota, ta ga masu jiran bas da jakunkuna, ta tambayi kanta idan ta sauka a nan wurin wa za ta. Duk wanda ta sani a duniya, gidan Yaya zai nuna mata.

Ya tsaya a ƙofar gidan hayar bai kashe mota ba. Babur ɗin Injiniya yana jingine a bakin zaure.

"Ba za ka shigo ba, Yaya?"

"Ina da taro. Kuma shigata yanzu za ta zama kamar na zo da ɓangare. Ki shiga da sallama, kada ki tayar da maganar, ki bar ta sai ranar zama."

Ta sauka, ta goya yarinya, ta ɗaure zanen. Da ta kai bakin zaure ta waiwaya. Motar ba ta riga ta tashi ba. Yaya yana murza hannun gilashi, yana ɗaga shi a hankali har ya rufe ruf. Ya miƙa hannu ya rufe na ɗaya gefen ma. A cikin wannan zafin, babu ƙura, babu ruwan sama. Sannan ya kunna rediyo, ya ja mota.

A nan ta gane. Duk watannin nan tana ta neman kalmar da za ta isa wurinsa, tana zargin bakinta, tana zargin wankin. Ashe tun ranar da ta shigo da kumburarren leɓe ya ji, kuma sarai ya gane. Ba don Injiniya yake wanke maganar ba, ba kuma don ita ba. Don kansa yake wankewa, ya samu ya sa ta a jiki ya fita cikin mutane. Jahili idan ya mayar da ƙanwarsa hannun mai dukanta, akan samu wanda zai ce masa kai, ka ji tsoron Allah. Shi kuwa wa zai ce wa? Shi ake tambaya.

Iya tana tsakar gida tana auna gawayi a gwangwani. Auta ta kwance goyon ta miƙa mata yarinyar da biskit ɗinta a hannu.

"Iya, riƙe mini ita. Ko ta yi kuka kada ki kawo ta, sai na zo da kaina."

Iya ta karɓa, ta dubi mayafin da yake wuyanta, ta ɗora yarinyar a cinya.

"In kuma ban zo ba, kada ki kai ta gidan Yaya."

Ta gyara mayafi, ta taka zuwa ƙofar ɗakinta, ta yi sallama. Daga ciki aka amsa mata da murya mai sanyi.